An Ce Na Makara da Kai Ƙara

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Rabi, daga Al-Azizya a nan Madina.

Na daɗe ina girki a wani gidan abinci a Sultana. Da aka kawo sabon mudir, wato manaja, a gaban abokan aikina ya ce ba ya son baƙar fata a kicin ɗinsa, ya kore ni. Ina shirin kai ƙara sai maigidana ya kwanta ciwo. Ni na yi jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa, na shiga takaba.

Da na fita, na kai kukana ofishin da ke karɓar ƙorafi, suka ce wa'adi ya wuce. Na roƙi kotu ta sake duba wannan hukunci. Alƙali ya ce, "Hajiya, Allah ya jiƙan mijinki. Ban ce ba a zalunce ki ba, amma kin makara."

Wallahi ko shaiduna ba a kira ba. Mudirin yana kan kujerarsa, ni ina gida da marayu.

Jama'a, ku ba ni shawara, akwai ƙofar da ta rage mini? Da wane ido zan bar mijina kwance in tafi bin layin ƙara?