Tsagar Rumbun Alhassan

Mai girma shugaban wannan zama, mai gari, liman, darektan lakwal da malamansa, iyaye mata da kuka bar tukunya bisa wuta, iyaye maza da kuka bar albasa ba ban ruwa, jama'ar Tama baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka ba tsoho magana, alhali kun san idan ya karɓa ba ya saurin mayarwa.

Abin da ya tara mu guda ne. Wasu iyaye, Malam Alhassan a gabansu, sun nemi a soke darasin zanen da Madam Binta ke yi, don wai tana fitar da yara daga aji, ta zaunar da su gaban rumbu kamar kaji masu jiran tsaba. Yau za mu ɗaga hannu: ko a bar mata darasinta, ko a karɓe.

Da fari, mu tuna yadda aka koya mana. Mushe, wato malamin aji, ya zana gida a tabulo, baƙin allon nan, mu kuma mu kwafa: rufi mai tsini, da bututu yana fitar da hayaƙi. Duk wanda ya taka lakwal a ƙasar nan ya zana gidan nan. To daga Keita har Madawa, wa ya taɓa kwana cikinsa? Mun iya zana gidan da ba mu taɓa gani ba, mun kasa zana tulun da muke sha.

Na biyu, abin da Binta ke yi ba mafarkinsa ta yi ba. Masu binciken koyarwa sun lura cewa ido ake fara koya wa zane, hannu daga baya yake biyowa. Don haka sai yaro ya daɗe yana duban abu kafin kireyo ya taɓa takarda. Ya gano inda yake kewaye da inda yake miƙe, ya miƙa hannu ya auna tsawo da faɗi da babban yatsa. Kaɗan yau, kaɗan gobe. In ya kuskure, ba ta ce masa bai yi kyau ba, sai ta ce ya sake duba ƙugun rumbun ya faɗa mata abin da ya gani.

Na uku kuwa labari ne, kuma mai shi ya yarda in faɗa, ko da yake bai yarda da daɗin rai ba. Zalika, ɗiyar Alhassan, ta zana rumbunsu ta kai gida, da wani layi siriri daga wuya zuwa ƙugu. Uban ya ce ta ɓata zanen, ta goge. Ta ce, "Baba, ba ni na sa ba, can na ishe shi." Ya tashi ya zagaya bayan rumbun, sai ga tsaga, har tururuwa sun yi hanya. Kullum yana wucewa ta wurin, gero na shekara yana ciki, damina kuma na tafe. Gani ya kori ji: ku je ku duba, yaɓen bai gama bushewa ba.

Saboda haka idan aka ce masu son a bar mata darasinta su ɗaga hannu, ni ba zan kalli kowa ba sai Alhassan, in ga ko hannun da ya kwaɓa lakar zai yi nauyi.

Allah ya buɗe idon ƴaƴanmu, ya ƙara wa malamansu haƙuri, ya cika rumbunanmu, ya tsare su daga tsagar da ba mu gani. Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.