Abdulghani da Rufin Siton Kurayyat

Assalamu alaikum. Malam Liman, dattawan unguwar Mahjar, kawu Ismail, 'yar'uwarmu Mariyamu uwar gidan marigayi, Lama 'yarsa, da sauran jama'a, mun gode da zuwanku.

An ce in yi magana a madadinmu, abokan aikin Injiniya Abdulghani. Wallahi har yanzu ban gaskata ba. Ranar Talata muna tare da shi a unguwar Kurayyat, yana ta tsokanata.

Ya kasance mai lissafin ƙarafan da ke ɗauke da rufin sito, waɗanda ake jerawa kusurwa uku-uku. Mahaɗa bayan mahaɗa yake bi, ya gano wane ƙarfe nauyi ke ja, wanne yake dannewa, har lissafin ya daidaita. Ya kasance yana koya wa 'ya'yanmu wannan da Hausa, ko da sun amsa masa da Larabci.

A ranar Talatar nan wani mai sito ya kira mu, wai rufinsa yana ƙara. Ashe an yanke ƙarfe ɗaya na tsakiya don a wuce da bututun sanyaya wuri. Abdulghani ya ɗaga kai ya duba, ya durƙusa ya yi lissafi a bayan kwali. Ya ce nauyin ya koma kan ƙarfen da ke kusa, ga shi nan ya fara lanƙwashewa. Mai siton ya roƙi a bari a gama sauke kayan da suka iso daga tashar jirgin ruwa. Abdulghani bai ɗaga murya ba.

"Halas, magana ta ƙare. Kowa waje. Kayan za su jira."

Cikin leburorin da ke sauke kayan akwai marasa iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasa, suna tsoron tsayawa a titi kada a kama su. Ya shigar da su motarsa da tawa. Kafin la'asar rufin ya rufta, babu kowa a ƙarƙashi.

Muna cikin wannan murnar, washegari da safe Mariyamu ta kira ni. Ta ce ya dawo daga masallaci, ya nemi shayi, kafin ta kawo zuciyarsa ta tsaya. Bai yi ciwo ba, jama'a. Ko ciwon kai bai ambata ba.

Mariyamu, ba mu da abin faɗa miki sai haƙuri. Lama, ki ƙarasa karatunki, ƙofofinmu a buɗe suke. Waɗancan mutanen da ke zaune a sahun baya, su ne ya fitar. Su suka ɗauki makararsa, suka hana mu karɓa.

Mun gode muku duka. Allah Ya jiƙan Abdulghani, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba mu ƙarfin jure wannan rashi. Amin.