Uwar Garinmu a Bayan Igiya

Debu: Halo? Mitali?

Mitali: Yaya Debu, ina wuni?

Debu: Lafiya lau. Kun isa Kalkata lafiya? Ya gajiyar jirgi?

Mitali: Babu gajiya. Ya Yaya Rekha da yara?

Debu: Ƙalau suke. An yi ruwa jiya, mun fara dashen shinkafa. Likita ya duba idon Inna?

Mitali: Sai gobe, ya ce. Shi ne maigidana Nirmol ya kawo mu gidan tarihi... Yaya, an fasa wa Inna goshi.

Debu: An fasa me? Layin nan! Ihun me nake ji?

Mitali: Goshi! Mai gadi ne, da kulki!

Debu: Uban wa ya taɓa min uwa?

Mitali: Tsaya ka ji. Mutane kamar kasuwa, ana ta turereniya, muka faɗa wani ɗaki cike da mutum-mutumin dutse. Kawai Inna ta ƙame, ta cire takalma. Yaya, gunkin Uwa Shitala ne! Wadda aka sace a ɗakin bautar garinmu muna yara.

Debu: Ke, Inna da ba ta gani sosai?

Mitali: Ni ma na gan ta! Ga ta a tsaye a bayan igiya, babu fure, babu fitila, 'yan yawon buɗe ido na ta ɗaukar hoto da takalma a ƙafa. Inna ta tsallake igiyar, ta shafa mata jan gari a goshi tana kuka, wai sun bar ta da yunwa.

Debu: To sai me? Tamu ce!

Mitali: Haka ta ce wa mai gadin. Ya ce, "Tsohuwa, nan ba ƙauyenku ba ne," ya fizgo ta. Ta gartsa masa cizo, ya sauke mata kulki.

Debu: Shi kuma Nirmol yana tsaye yana kallo, ko? Mijin banza!

Mitali: Kallo? Da kwanon abincinmu na ƙarfe ya zubar masa da haƙora! Masu gadi suka yi masa rubdugu, mutane suka shigar mana, har da wanda bai san kan zancen ba. An farfasa gilasai, jini duk a ƙasa. A cikin kokawar aka ture Uwa Shitala, kanta ya ɓalle. 'Yan sanda sun ja Nirmol a ƙasa kamar buhu.

Debu: Yanzu zan cika mota da samarin gari. Sai mun ƙone wurin nan!

Mitali: Kada ka zo! 'Yan sanda sun ce duk wanda aka kama da ko ɓarɓashin dutse, sai kurkuku. Ana caje kowa a ƙofa. Ni dai in fitar da Inna.

Debu: Ba ni ita.

Mitali: Tana nan gefe... Inna? Yanzu fa take zaune a nan!

Debu: Kin ɓatar da ita?

Mitali: Ga ta can, ta nufi ƙofa, babu ko takalmi. Me ta rungume a cikin zanenta na sari haka? Wayyo, Yaya, kan ne! Kan Uwa ta ɗauko!

Debu: Tare ta! Mitali, tare ta!

Mitali: Ku ba ni hanya! Inna, ajiye! Ɗan sanda ya gan ta... Malam, kada ka ɗaga sandar nan, tsohuwa ce! Kada ka...

Debu: Halo? Mitali! Halo!