Farfesa a Cikin Sulke

Solange: Alo? Wa ke magana?

Armand: Yaya Solange, ni ne. Ina wuni?

Solange: Armand? Lafiya lau, Auta. Ashe kana da lambata. Ya Poitiers?

Armand: Tana nan yadda kika san ta. Ya gwiwar?

Solange: Da sauƙi, sai in hadari ya haɗo. Ya ɗaliban naka?

Armand: Yaya, tun bara na yi ritaya.

Solange: To ya matattun naka na tarihi? Har yanzu suna ta yaƙi?

Armand: Suna gaishe ki. Ya zomaye? Tuffa ta yi 'ya'ya bana?

Solange: Zomaye sun cinye min kabeji, tuffa kuma ni da tsutsa muka raba. Tsaya tukuna. Kai da gaisuwar Kirsimeti ma sai na roƙa, yau har zomayena kake tambaya? Ƙarar me nake ji a bayanka?

Armand: Wata na'ura ce. Ina asibiti a Périgueux, amma kada ki ta da hankalinki. Sulke na sa.

Solange: Sulhu? Kun yi sulhu da Mireille? Bayan ta kwashe kayanta ta bar ka da littattafai?

Armand: Sulke, Yaya, sulke! Rigar ƙarfe ta yaƙi.

Solange: Bari in fita daga kicin, nan ba sabis. To, maimaita. Kai da shekara saba'in da ɗoriya ka sa me?

Armand: Kin san littafina na farko.

Solange: Na san shi. Shi ke tokare min tagar ɗakin baƙi.

Armand: Madalla, ya samu aiki. To a ciki na ce ƙarya ake wa baraden da, masu cewa in barde ya faɗo daga doki sai ya kwanta kamar kunkurun da aka kifar. Na ce sulke ba shi da nauyin da ake faɗi, nauyin a rarrabe yake a jiki. Rayuwata duk a kan wannan gardamar ta ƙare. Ranar Lahadi aka gayyace ni bikin wani ƙauye, in yi jawabi a gindin ganuwar tsohon gidan yaƙinsu. Ina gamawa wani mai cin tsiran alade ya ɗaga hannu, wai ni na taɓa sawa?

Solange: Sai ka ce a'a, ka zauna.

Armand: Haka mai hankali zai yi. Ni cewa na yi a kawo.

Solange: Girman kai rawanin tsiya.

Armand: Kwalkwali dai, rawanin bai samu ba. Masu wasan suka ɗaure ni tsaf, na kwanta a kan ciyawa a gaban jama'a. Kuma na tashi, Yaya. Ki riƙe wannan, ko a jana'izata ki faɗa. Da kaina na tashi, ba wanda ya kama ni.

Solange: To me ya kai ka asibiti?

Armand: Tafi. Suka yi ta tafi, ni kuma na ga ya kamata in rusuna in gode. Na ja da baya, ashe wani doki ya riga ni zuwa wurin ya bar saƙo. Santsi ya kwashe ni, na gangara matakalar da ke bayana kamar an watsar da tukwanen gidan biki.

Solange: Wayyo, Auta.

Armand: Suka ƙara tafi, sun ɗauka cikin wasan ne. Sai da 'yan kwana-kwana suka zo suka yanke maɗauran suka ɓare ni kamar dafaffen ƙwai. Ƙashin ƙugu ya karye, an sa min ƙarfe. Yanzu sulken a ciki yake.

Solange: Alo? Ka ce ƙafa?

Armand: Ƙugu. Littafin bai yi ƙarya ba fa. Abin da na manta ban rubuta ba, masu sawar samari ne.

Solange: Tun Lahadi, sai yau kake gaya min? Capucine ta sani?

Armand: 'Yar tawa ta zo daga Lyon jiya. Likita ya gaya mata ni da gidana na hawa na huɗu mun yi ban kwana, ginin ba lif. Kafin yamma ta samo min gidan kula da tsofaffi. Ta nuna min hotuna a waya, har da lambu da ranar rawa. Tana nunawa tana kuka, ban iya ce mata komai ba.

Solange: Ɗakinta ɗaya, ga yara. Ba laifinta ba ne.

Armand: Na sani. Kin san in aka kewaye gari da yaƙi abinci ya ƙare, tsofaffi ake fara fitarwa ta ƙofa, wai bakunan banza. Babi guda na yi a kai, har na yaba wa masu garin, na ce dabara ce.

Solange: Bar zagaye-zagaye. Me kake so?

Armand: Na zo miƙa wuya ne, ki ba ni masauki. A ƙa'ida, wanda ya miƙa wuya da kansa ana barinsa ya fita da makamansa.

Solange: Wato littattafai.

Armand: Kaɗan.

Solange: Kaɗan ɗinka ya cika mota. Kai da ka ce ƙauyenmu ko tarihi bai san da shi ba, tunda ba a taɓa yaƙi a cikinsa ba?

Armand: Yanzu irin garin nake nema.

Solange: To ji sharaɗina. Ba lacca a kan tebur. Kai za ka fere dankali, a zaune ake yi. Abin da ya shiga ɗakin Mama shi ne naka, saura a bai wa makaranta.

Armand: Na ga garuruwan da aka ci da yaƙi aka fi tausaya musu.

Solange: Gidan rawar yana nan ai.

Armand: Na karɓa. Yaya... da ina kwance a wurin, ta 'yar tsagar kwalkwalin sama kawai nake gani. Ina jin mutane, ba wanda ke jina. Na karanta labarin dubban mutanen da suka kwanta haka, na ƙirga dawakinsu da masunsu, ban taɓa tambaya ko sun ji tsoro ba. Ni dai na ji. Sunanki na yi ta kira a cikin ƙarfen.

Solange: Auta...

Armand: Alo? Layin ne?

Solange: Ba layin ba ne. Wane ɗaki kake?

Armand: Ba sai kin zo yau ba, hanyar da nisa, ga shi ba kya son tuƙi a babban titi...

Solange: Kashe wayar, Auta, makullin mota nake nema.