Ƙarfen da Ke Cikin Gwiwa

Assalamu alaikum. Malam Liman, shugaban asibiti da ma'aikatansa, dattawan unguwa, Hajiya matar marigayi, babban ɗansa da ƙannensa, 'yan uwa da abokan arziki, Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Ni tela ne, ban saba magana gaban jama'a ba. 'Yan teburin Asabar ne suka turo ni, wai ni na fi kowa shan kashi a hannunsa, don haka ni na fi saninsa.

Ya kasance mutum mai tambaya, har laƙabin Ya-Aka-Yi ya danne sunansa na yanka. Ya kasance mai haɗa ƙafar roba a asibiti, kuma a zauren nan akwai waɗanda suka shigo yau a kan aikin hannunsa. In ya ga mutum yana tafiya, gwiwarsa yake kallo kafin fuskarsa.

Wannan tambayar ce ta kai shi ga wasan da wasunku ke mana dariya a kansa. A ɗakin bayan gidansa akwai faffaɗan tebur mai duwatsun soso da gidajen kwali. A kai muke jera rundunonin dodannin ƙarfe, injinan yaƙi masu ƙafa biyu da bindiga a kafaɗa. A labarin wasan sun fi bene tsawo, a hannu kuwa 'yan roba ne da ba su wuce yatsa ba. Da tef ɗina na awo ake auna tafiyarsu, ƙwayar ludo ke yanke ko harbi ya samu. Ranar da ya fara nuna mini su na ce, "Haba, da furfurarka?" Ya ce, "Bar furfura, tela. Abu mai nauyin nan, ya aka yi gwiwarsa ba ta karye ba?"

Malam Liman ma ya taɓa leƙowa don ya tabbatar ba caca muke ba. Ya ga ko sisi ba a ajiyewa. Har aka kira la'asar yana tambayar ko ƙaramin dodon can zai iya ɓuya bayan dutse.

Ya kasance mai doka guda, kuma ba ya sassauta ta. Duk wanda ya kayar da dodon wani, zai tafi da shi gida, ya goge shi, ya gyara fentinsa, ya ɗaure abin da ya saki, sannan ya mayar wa mai shi hannu da hannu a kan teburin. Yakan ce, "Wanda ka kayar, kai za ka tayar."

A wasanmu na ƙarshe, ikon Allah, na kayar da Giwa, babban dodonsa da kowa ke tsoro. Na tafi da ita gida ina fankama. Kafin Asabar ta zagayo, aka kira ni jana'izarsa.

Bayan kwanaki na ɗauko kwalin da na ajiye dodannina da Giwa a ciki, ya suɓuce. Duka suka watse a siminti. Nawa ko ɗaya bai yi komai ba, Giwa kaɗai ta karye a gwiwa. Sai na ji bakina ya ce, "Ya aka yi?" Roba ɗaya ce, faɗuwa ɗaya ce. Ina tattara su, ga maganaɗisun da nake tsince allura da shi a gefe, sai ɗaya daga cikin nawa ya manne masa ta gwiwa. Na gwada na biyu, haka. Na kira abokan wasanmu, direba da mai kemis, kowa ya gwada nasa. Jama'a, duk dodon da ya taɓa kwana a gidan marigayi, ya huda ƙafarsa ya zura siririyar waya, ya rufe da fenti, bai gaya wa kowa ba. Nasa kuwa mu ke gyarawa, mu kuma gam kawai muka iya shafawa.

Wallahi na yi kuka. Sannan na zauna ina mamaki: mutum nawa ke yawo a garin nan da irin wannan wayar, ba su sani ba? Mai kemis ya ce shi ya sani, domin lokacin da matarsa ta rasu, marigayi ne ya riƙa zuwa yana jan sa teburin har ya dawo cikin mutane.

Hajiya, ke kika jure hayaniyarmu da warin fenti, kina cewa mu tsofaffin yara. Allah ya saka miki. Kai kuma ɗana, babban ɗan marigayi, na ji kana son kwashe ɗakin a ƙarshen makon nan don mahaifiyarka ta samu fili. Gaskiyarka ne, ba mu da ta cewa. Alfarma ɗaya muke roƙo. Ga Giwa a aljihuna. Na lalata allura uku kafin na iya huda ta, amma na sa mata waya, ta tsaya da ƙafarta. Dokar mahaifinka ta hana ni ajiye ta a kan kujera in tafi. Sai a teburin, hannu da hannu. Ka bar mana ɗakin Asabar ɗaya, ka zo ka tsaya inda yake tsayawa, ka karɓa. Daga nan in ka ga dama ka kulle, in kuma ka ji kana son sanin yadda take tafiya, tef ɗina na nan.

Mun gode wa duk wanda ya tako ya zo. Ya Allah, bawanka ya tayar da waɗanda suka faɗi, na asibiti da na tebur. Ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa, ka tashe shi a kan ƙafafunsa cikin salihan bayi, ka ƙarfafa gwiwar iyalinsa. Amin.