Takunkumin da Ke Cikin Leda

A ɗakin jiran likita, wani dattijo mai fentin mota ya hango takunkumin gilashi mai rufe fuska duka a jakar wata budurwa mai feshin maganin ƙwari.

"Haba 'yata, dubi yadda kika tsufar da shi! Nawa shekara uku, ko ƙwarzane babu."

"Baba, kullum a fuskata yake, ana zafi, maza na dariya. In wanke shi, in canza matatarsa. Kai yaushe ka canza taka?"

"Canji kuma? Yana cikin ledarsa. Sai masu duba aiki sun zo nake ɗaura shi."

"To ni gwajin lafiya na shekara-shekara ne ya kawo ni. Kai fa?"

Ya buɗe baki, tari ya riga shi.

"Sannu, Baba. A gaida takunkumin, shi kam lafiyarsa ƙalau."