Takardar Ƙarƙashin Kankare

Akuyar matata Habsu, Allah ya jiƙanta, ita ta kai ni Kano. Habsun ta ja ta da kanta zuwa kasuwar Kance, ta sayar, ta ƙulle mini kuɗin a bakin zane. Tunda ku ma ƴaƴan ƙanena kun ce bana za ku tafi cirani, ku gyara zama.

Na sauka a zauren wani mai gida mai rowar ruwa. Kullum sai ya leƙa randa, ya ce mutanen Faransa, wato mu na ƙetaren iyaka, sun shanye masa, kamar a bayanmu muka goyo Faransar.

Aiki kuwa na samu a wurin ginin wani babban sito. Shugaban leburori, heluma suke ce masa, na yi ta kiransa Halima har ya kusa mari na. Ya dubi siraran hannayena ya ce ba zan iya kwanon kankare ba. Ya miƙo mini tsintsiya.

Kafin a zuba kankaren ƙasa, sai a baje yashi, a tsince duk tsakuwa mai kaifi, a shimfiɗa wata baƙar takarda mai kwalta. Bakin wannan ya hau bakin waccan kamar faɗin tafin hannu. Ita ke hana damshi tasowa ya ɓata kaya. Ba a hawanta da takalmi. Haka nake wuni a durƙushe, ina shara ina shimfiɗa. Ku kun san a garin nan su wa ke shara da shimfiɗa da daɓe.

"Heluma, a ba ni aikin maza mana."

"Ka huda mini takarda, ka ga aikin maza."

Duk wanda zai zo gida sai in ce ya gaya musu bango nake ɗagawa.

Da damina ta matso na dawo, ba wani abin kirki a hannuna sai turmin atamfa da ragowar takardar da heluma ya ce in kwashe. Na naɗe ta cikin tabarma. Habsu ta gano ta, ta yi ta tambaya har na gaya mata gaskiya, na roƙe ta kada kowa ya ji. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ɗakinta na tsattsafo duk damina, tabarmi na ruɓewa, za ta sa ta ƙarƙashin sabon daɓe.

Ranar daɓen mata suka cika gida da waƙa. Ni ina zaure da maza, har da mahaifinta, ina ba su labarin bene. Ta ƙofa na hango sun shimfiɗa takardar kan tsakuwa, baki bai hau baki ba, wata ma tana jan madaɓi a kai. Na kau da kai. Na sake dubawa. Wallahi ban san lokacin da na tashi ba.

Na tuɓe takalmi, na ce a kawo yashi, na karɓi tsintsiya a hannun wata tsohuwa, na durƙusa. Waƙa ta tsaya.

"Ashe bangon a kwance yake," in ji tsohuwar.

Mata suka kwashe da dariya, maza suka taya su daga zaure. Surukina ya ɗauki sandarsa ya fita, bai yi sallama ba. Habsu ta durƙusa kusa da ni, ta riƙe ɗaya bakin takardar, ta ce a hankali, "Malam, haka ake ɗorawa?"

Tun ranar nan sunana ya zama Tanko Mai Daɓe. Na yi faɗa a kansa har na gaji, kuma har gobe in na ji shi kunnuwana zafi suke.

Da ta rasu bara, danginta na Yauri suka zo gaisuwa. Na ji su a ƙofa suna tambayar yara ko nan ne gidan Mai Daɓe. Na fito na ce nan ne, su shigo.